Ƙuri'ar Inna Gambo

A cikin shekaru ashirin da ɗoriya da na yi ina akawu a ofishin lauya, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata a tsakiyar bazara, da wata tsohuwa ta sauka daga acaɓa a ƙofar ofishinmu na Bebeji, ta shigo riƙe da ƙaramar langa, ta tambaye ni wa ya ɗaga mata hannu. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullai in koma Kiru in huta, wannan zan ba ku. Amma sai na koma baya kaɗan saboda waɗanda ba su daɗe da fara aikin kamfanoni ba.

A lokacin, shugabarmu Barista Hajiya Bilki tana zuwa daga Kano sau biyu a mako, Talata da Alhamis. Sauran kwanakin ni ke riƙe da ofis. Yawancin aikinmu na ƙananan kamfanoni ne, masu casar shinkafa a Tudun Wada, masu tara masara a Doguwa, da irinsu. Ofishinmu ne sakatarensu. Mu muke ajiye rajistar masu hannun jari, mu rubuta takardar kiran taro, mu rubuta abin da aka tattauna, sannan mu kai abin da aka yanke hukumar rajistar kamfanoni. Barista ke sa hannu, amma ƙafata ce ke yawo.

Cikin kamfanonin nan akwai wani a Tiga da ake kira Kanyar Maje, mai sayen kifi a hannun masunta, ya ajiye a ɗakin sanyi, ya sayar, kuma yana buga ƙanƙara. Kanyar Maje sunan wani ƙauye ne da ruwan dam ya cinye. Mutanen ƙauyen manoma ne a da, bayan an tashe su aka dawo da su bakin ruwa suka koyi kamun kifi. 'Ya'yansu ne suka haɗa ƙarfi suka kafa kamfanin, suka sa masa sunan garinsu.

Manyan daraktocinsa biyu ne. Alhaji Sule shi ne shugaba, kuma ya fi kowa hannun jari. Mutum ne mai ƙatuwar murya da sakin hannu, ba ka shiga gidansa ka fita ba ka ci abinci ba, kuma ba ya son a ce masa a dakata. Malam Idi shi ne na biyu, siriri, mai magana a hankali, wanda zai lissafa maka gidajen tsohon ƙauyensu ɗaya bayan ɗaya daga masallaci har bakin rafi. Tare suka taso, a bayan mota ɗaya aka kwaso su ranar tashi suna yara, kuma ƙanwar Malam Idi ce uwargidan Alhaji.

Abin da ya haɗa su shi ne ɗakin sanyin. Injin ya tsufa, wuta ba ta tsayawa, janareta kuma ya gaji. A bazarar da ta gabata sai da aka zubar da kifi mai yawa. Alhaji ya samo wani ɗan kasuwa a Kano da ya yarda ya zuba jari, ya kafa sola da sabon inji, a ba shi hannun jari. Amma ya sa sharaɗi a canza sunan kamfanin ya dace da na sauran kamfanoninsa. Malam Idi ya ce ya yarda da komai ban da wannan. Ruwa ya ci garin, in ji shi, ba zai sa hannu a goge abin da ya rage ba. Maganar ta yi zafi har suka daina gaisawa a masallaci.

To, canza sunan kamfani ba abu ne da daraktoci ke yi su kaɗai ba. Sai an kira babban taron masu hannun jari, a yanke abin da doka ke kira ƙuduri na musamman, wanda ba ya tabbata sai kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa sun goyi bayansa. Kuma dole kowane mai hannun jari ya sami takardar kiran taro kwana ashirin da ɗaya kafin ranar. Wanda ba zai zo ba yana iya wakilta wani, amma a rubuce, da sa hannunsa ko dangwalen yatsansa.

Ni na rarraba takardun. Da na zo kan sunan Gambo Isa a rajista, ban ma tsaya tunani ba, na miƙa wa Haladu, babban ɗanta, magidanci mai iyali, wanda shi ke zuwa duk wani taro tun kafin in karɓi fayil ɗin. Kowa a Tiga cewa yake hannun jarin gidan marigayi Malam Isa ne, Haladu kuma shi ne babba a gidan. Aka yi taro, Haladu ya ɗaga hannu ya bi Alhaji, aka kai kashi uku cikin huɗu da ƙyar. Malam Idi ya tashi ya fita, ya ce sai sun haɗu a kotu. Ni kuwa na dawo na rubuta komai tsaf, ina jiran Barista ta zo ran Talata ta sa hannu in kai hukuma.

Ranar ce tsohuwar nan, Inna Gambo, ta zo. Ta riga Barista isowa. Muka gaisa, na tambaye ta gajiya da zafi, na ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a tabarmar sallata. Ta buɗe langar ta fito da wata leda, cikin ledar akwai ƙyalle, cikin ƙyallen akwai satifiket ɗin hannun jari, ya yi ja saboda daɗewa amma ko kusurwa bai yage ba. Ta ce matan da suke suyar kifi tare ne suka gaya mata an sayar da sunan garinsu, kuma wai har da hannunta a ciki.

"Malam Sakatare, ni dai ga hannayena biyu, tun asuba suna cikin mai," in ji ta. "Wa ya ɗaga mini wanda ban sani ba?"

Na ce ai Haladu ya wakilci gidan. Ta ce in karanta mata sunan da ke jikin takardar. Na karanta. Ta ce to Gambo ita ce, Isa mijinta ne Allah ya jiƙansa, amma ko sisinsa babu a ciki. Da kaskon suyarta ta saya, lokacin da maza da yawa suka ƙi shiga suna cewa abin ba zai yi ƙarko ba. Ta bar Haladu yana zuwa taro ne don ba ta da lokacin zama, amma ba ta taɓa dangwala masa yatsa ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayarta.

Na buɗe fayil na duba daga farko har ƙarshe. Babu takardar wakilci ko ɗaya.

Da Barista ta iso na shiga na gaya mata komai a tsaye. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta tambaye ni ko mantuwa na yi. Na ce a'a, ranki ya daɗe, na ga sunan, ni na zaɓi in ba ɗanta. Ta ce da mantuwa ce da akwai abin da za a iya faɗa a gaban alƙali, amma wannan ba mantuwa ba ce, taron bai yi ba. Ta ƙara da cewa in lauyan Malam Idi ya gano, kotu za ta iya dakatar da komai, shari'ar kamfani kuwa ba ta ƙarewa da wuri, mai jarin zai tafi, kifin bana ma ya bi na bara. Sannan ta fito da kanta ta durƙusa ta gaida Inna Gambo, ta ba ta haƙuri da sunan ofis, ba ta ambaci sunana ba. Bayan tsohuwar ta tafi Barista ta ce mini tunda ni na kai takardar inda ba nan ba, ni zan je in gaya wa Alhaji.

Na same shi a bakin ruwa ana sauke kifi daga kwale-kwale. Ya saurare ni, ya cire hula ya mayar. Ya ce abu mai sauƙi ne, in rubuto takardar wakilcin in sa mata kwanan watan baya, shi zai kai wa Inna ta dangwala, ai ta goya shi yana yaro, ba za ta ƙi ba. Na ce Allah ya taimaki Alhaji, ba zan iya ba. Ya kira Barista a waya a gabana, ita ma ta faɗa masa haka, ta ce in yana son ofishin da zai yi wannan sai dai ya nemi wani. Ya yi faɗa sosai, masunta suna ji, ya ce na ɓata masa aikin wata shida. Gaskiya ya faɗa. Da na juya zan tafi sai ya sa aka ɗaura mini tarwaɗa biyu a bayan babur, yana ci gaba da faɗan.

Washegari muka fitar da sabuwar takardar kiran taro, kwana ashirin da ɗaya cif. Ta Inna Gambo da hannuna na kai mata. Kafin la'asar duk Tiga ta san lissafin: in ta bi Alhaji an kai kashi uku cikin huɗu, in ta bi Malam Idi ba a kai ba. Tsohuwar da shekara da shekaru ba wanda ya taka ya gaya mata an yi taro, sai ga ƙofar gidanta ta zama hanya. Alhaji ya aika buhun shinkafa, ta raba wa matan suya. Malam Idi ya riƙa zuwa da goro yana zama yana tuna mata tsohon gari, ta ci goron ta gyara masa inda ya yi kuskure. Ba wanda ta ba amsa.

Ni kuwa ta ba ni aiki. Ta ce tunda an ce hannunta na da nauyi, ba za ta ɗaga shi a kan abin da ba ta ji ba. In zo in karanta mata yarjejeniyar da za a yi da mai jarin, duka, da Hausa. Shafi goma sha wani abu ne na Turancin lauyoyi. Na nemi izinin Barista, ta ce haƙƙinta ne, in je. Yamma uku na yi a rumfarta, ina zaune a kan benci, tana juya karfasa a kasko, ina fassarawa layi layi. Idan na yi sauri ta ce in koma. Idan na yi amfani da kalmar da ba ta gane ba ta ce in faɗa mata yadda zan faɗa wa uwata. Akwai wuraren da sai da na zo faɗa da Hausa na gane ni ma ban fahimce su ba, sai na kira Barista a waya.

A yamma ta uku muka zo wani sakin layi can kusa da ƙarshe. Yana cewa daga ranar da sabon inji ya fara aiki, duk kifin da kamfani ya saya za a tura shi ga dilolin mai jarin a Kano, ba za a sayar da ɗai-ɗai a ƙofa ba. Ta ajiye matsamin ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce to su fa? Matan da ke suya da masu banda a bakin hanya duk a ƙofar kamfanin suke saye da safe, saboda masunta sun daina sayar musu kai tsaye tun da kamfani ya fara kwashe kamun gaba ɗaya. Da wannan suyar ake biyan makaranta, da ita ake aurar da yara. Na ce gaskiya ban taɓa kallon layin ta nan ba. Daga baya na tabbatar Alhaji ma bai lura ba, idonsa na kan sola. Malam Idi kuwa bai karanta ya wuce shafin da aka ambaci suna ba.

Inna Gambo ta ce in gaya wa Barista, in ba a gyara wannan ba, ba ta tare da kowa. Barista ta ɗauki maganar ta kai wa lauyan mai jarin. An yi kusan mako biyu ana ja, don mutumin ba ya son kifi ya tsaya a Tiga. Daga ƙarshe ya yarda a rubuta cewa kamun safe za a fara sayar wa matan gari a ƙofa, abin da ya rage a loda. A kan suna kuwa ya ƙi motsi ko kaɗan.

Ranar taro aka yi shi da hantsi a harabar kamfani, ƙarƙashin rumfar kwano. Na kira sunaye ɗaya bayan ɗaya daga rajista, kowa ya amsa da bakinsa ko a nuna takardar wakilci. Haladu ne ya kawo mahaifiyarsa a babur, ya shimfiɗa mata tabarma, ya koma baya ya tsaya kansa a ƙasa. Ba ta kunyata shi ba. Da aka kira sunanta ta amsa, ta ce ɗanta ya yi mata hidima shekaru, yau dai ta zo da kanta. Barista ta karanta gyararren sakin layin da Hausa. Alhaji ya yi magana, Malam Idi ya yi tasa. Sai Inna Gambo ta nemi a ba ta dama.

Ba ta kalli Alhaji ba, Malam Idi ta fuskanta. "Idi, ni a garin nan aka kai ni ɗakin miji, kana yawo ba wando. Uwata tana can ƙarƙashin ruwan, da ɗana na fari. Ba a allon kamfani na ajiye su ba. In injin nan ya mutu, yaranmu Kano za su tafi, sai a rasa wanda zai faɗi sunan ma. Ka yi haƙuri, ƙanena, yau ba na tare da kai."

Sannan ta juya ta gaya wa Alhaji kada ya yi murna da yawa, domin ya kusa sayar da kaskon matan garinsu bai sani ba, kuma buhun shinkafa ba ya karanta takarda. Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, yana share fuska da hannun riga.

Aka kaɗa ƙuri'a, na ƙirga sau biyu a gaban kowa, ƙudurin ya wuce. Na dubi Malam Idi. Na ɗauka zai sake maganar kotu, don lauyansa na nan zaune a gefensa. Sai ya tashi ya zo teburina ya ce in ba shi takardar halarta ya sa hannu. Yana sa hannun ya ce mini, a hankali yadda ya saba, wancan karon ƙwace aka yi masa, wannan karon kayar da shi aka yi, kuma ya san bambancinsu. Ya sallami lauyan a wurin.

Ba zan ce muku sun rungumi juna ba, don ba su yi ba. Malam Idi ya ajiye muƙamin darakta bayan wata biyu, ya riƙe hannun jarinsa. Sai da aka yi sunan jikan Alhaji, ƙanwar Malam Idi ta je ta ɗauko yayanta da kanta, sannan aka gan su a tabarma ɗaya. An kafa solar kafin bazara ta gaba, an ɗaga sabon allo da sabon suna. Amma har yau in ka hau mota a Bebeji ka faɗi sabon sunan, direba zai tsaya yana kallonka, sai ka ce Kanyar Maje sannan ya gane. Mai jarin ma da kansa na ji shi yana faɗin haka a waya.

Inna Gambo ba ta sake fashin taro ba har Allah ya karɓi abarsa. Takan zo da wuri, ta sa in karanta mata abin da aka rubuta a taron baya, ta gyara ni in na rage wani abu. Barista kuwa ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, sai dai daga wannan shekarar ta sa doka a ofis cewa kowace takardar kiran taro a haɗa ta da fassarar Hausa.

Abin da na koya shi ne, waɗannan ƙa'idojin da muke gani kamar wahalar banza, kwana ashirin da ɗaya, takardar wakilci, kiran suna, ba don hukuma aka yi su ba. An yi su ne don wanda aka kayar ya iya komawa gida ya ci abinci ba tare da jin an zalunce shi ba, kuma don mai ƙaramin kaso ya sami inda zai tsaya ya yi magana. Mutanenmu ba sa tsoron a fi su ƙuri'a, abin da ba sa yafewa shi ne a yanke a bayansu. Saboda haka in kun buɗe rajista kun ga suna, kada ku tambayi gari wa ke tsaya masa. Ku hau babur ku je, ku yi sallama, ku gaishe shi, ku zauna ku karanta masa. Sau da yawa wanda ba a tambaya ba shi ne ya fi kowa sanin inda abin zai taɓa.